Yadda Za Ka Kayar da Lavos, Bos na Ƙarshe a Chrono Trigger

Yawancin waɗanda Lavos ke kayarwa a zagayen ƙarshe na Chrono Trigger suna da ƙarfin da zai ishe su. Za ka tarar mutum ya kai lebul hamsin, ya ɗaura makamai masu kyau, jakarsa cike da magani, amma ya ɓata rabin awa yana saran abin da bai kamata ya sara ba. Halittar nan mai hannuwa da ƙafafu da ke tsaye a tsakiyar allo, wadda ido ke fara sauka a kanta, rufa-ido ce. Ainihin Lavos shi ne ɗan dunƙulen da ke shawagi ta hannun dama. Shi za ka kashe faɗa ya ƙare. Wanda ya gane wannan aikinsa ya yi sauƙi ƙwarai, sai dai kafin ka tsaya a gaban dunƙulen nan akwai faɗa biyu da za ka ƙetare, akwai kuma shirin da in ka yi sakaci da shi ba za ka kai can da sauran numfashi ba.

Kamfanin Square ne ya fitar da wasan a 1995 a kan Super Nintendo, da hannun Hironobu Sakaguchi da Yuji Horii da mai zane Akira Toriyama. Daga baya ya fito a PlayStation, ya fito a Nintendo DS a 2008, ya zo wayoyin hannu, sannan ya hau Steam a 2018. Na kawo wannan ne saboda sunayen kaya da na dabarun faɗa sun canja a fassarar DS da waɗanda suka biyo bayanta. Sunayen Super Nintendo zan yi amfani da su a nan. Idan naka ya bambanta, duba bayanin da wasan ke rubutawa a ƙarƙashin kowane abu, aikinsu ɗaya ne. Inda na ce jini, HP nake nufi. Inda na ce ƙarfin tsafi, MP ke nan.

Mataki na farko: kada ka taɓa bokitin nan da wuri

Tun lokacin da ka fara isa End of Time, mahaɗar ƙofofin zamani, za ka ga wani bokiti a gefe mai ɗan haske a ciki. Ƙofa ce kai tsaye zuwa shekarar 1999 AD, ranar da Lavos ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. Wasan ba zai hana ka shiga ba, amma shiga a wannan lokacin kai kanka ne ga mahalaka. Shawarata ka bari sai tawagarka ta kai lebul 45 zuwa 50, kuma manyan mayaƙanka uku sun koyi dukkan dabarunsu guda takwas-takwas. Ba sai ka tsaya kana zagaye wuri ɗaya kana kashe ƙananan dodanni ba. Ayyukan gefe da ke buɗewa bayan ka samu jirgin Epoch mai fukafukai su za su kai ka wannan matsayi, kuma a cikinsu ne mafi kyawun kayan yaƙi suke.

Fara da dawo da Crono, babban jarumin wasan da Lavos ya hallaka a tsakiyar labari. Ana iya gama wasan babu shi, amma ban ga dalilin da zai sa sabon ɗan wasa ya hana kansa Luminaire, babban tsafin Crono, da takobin Rainbow ba. Karɓi ƙwan zamani a hannun tsohon da ke End of Time, je Keeper's Dome a 2300 AD, samo mutum-mutumin Crono a tantin Norstein Bekkler da ke filin biki na 1000 AD, sannan ka hau Death Peak. A kan dutsen za ka haɗu da 'ya'yan Lavos har sau uku. Kai kaɗai ake sara. Ka taɓa ƙwanson bayansu, su rama da ƙayoyi a kan kowa da kowa. Riƙe wannan darasi da kyau, domin shi ne dai za a sake tambayarka a ƙarshe: a cikin gaɓoɓin da ke gabanka, wanne ake duka, wanne ake ƙyalewa?

Bayan nan, ayyuka biyu sun fi sauran muhimmanci, kuma haɗe suke da juna.

Na farko shi ne Rainbow Shell. Ka karɓi abin shan Toma a 600 AD, ka zuba a kan kabarinsa a 1000 AD, ya nuna maka inda Giant's Claw yake. Ka kashe Rust Tyrano, ka samu ƙwanson, sannan ka koma fadar Guardia a 1000 AD inda ake yi wa sarki shari'a, ka gama da Yakra XIII. Daga nan maƙerin nan Melchior zai ba ka zaɓi: Prism Dress guda ɗaya, ko Prism Helm guda uku. Ɗauki kwalkwali uku. Rigar tana rage ɓarnar tsafi da kashi ɗaya cikin uku, amma mata kaɗai ke sa ta, kuma mutum ɗaya za ta rufe. Kwalkwalin kuwa kowa na iya sawa, yana kuma tare larurori irin su ruɗewa da guba da daskarewa. Lavos na son ruɗa mutane. Ba abin da ya kai ganin Crono ɗinka, da takobi mafi kaifi a wasan, ya juya ya sare mai ba ku magani ciwo.

Na biyu shi ne Sun Stone. Za ka yaƙi Son of Sun a Sun Palace na 2300 AD, inda ƙwallon tsakiya ba ya jin duka, sai ka nemo harshen wuta guda ɗaya na gaskiya a cikin waɗanda ke kewaye da shi. Ka ga darasin nan ya sake dawowa. Sa sulken da ke shanye wuta kafin ka shiga. Dutsen da ka samu ka kai shi Sun Keep a 65,000,000 BC ya sha rana. Za a sace shi a 1000 AD, kuma hanyar karɓo shi daga magajin garin Porre ita ce ka koma 600 AD ka ba kakarsa busasshen nama kyauta, kada ka karɓi ko sisi. Idan dutsen ya cika a 2300 AD, Lucca za ta ƙera bindigar Wondershot, sannan Melchior ya haɗa shi da Rainbow Shell ya ba ka abu biyu: takobin Rainbow mai ƙarfin sara 220, wanda kashi 70 cikin ɗari na saransa ke zuwa a ninke, da tabarau na Prism Specs mai ƙara ɓarnar da mai shi ke yi da rabi.

Sauran ka yi su gwargwadon waɗanda za ka tafi da su. In da Frog a tawagarka, kabarin Cyrus a Northern Ruins dole ne, can Masamune, takobin Frog, ke samun cikakken ƙarfinsa. In Robo ne, Geno Dome. In Magus ne, sansanin Ozzie. Dajin Fiona kuwa ya dace da kowa, saboda layar Green Dream da ke tayar da mai ita sau ɗaya idan ya faɗi a fagen fama.

Mataki na biyu: jaka da saiti

Kayan da nake so ka tabbatar suna jakarka su ne MegaElixir, ko da biyar ne, domin yana cika jini da ƙarfin tsafin mutum uku a tashi ɗaya. Full Tonic masu yawa. Lapis, mai ba kowa jini 200. Revive kamar ashirin. Heal na warkar da larura. Full Ether ko Hyper Ether. Sai Shelter guda biyu. Kada ka manta da Barrier da Shield. Mutane na tara su tun farkon wasa ba sa taɓawa, alhali Barrier na rage ɓarnar tsafi da kashi ɗaya cikin uku, Shield kuma na yin haka ga duka. Tun da jinin kowa a wasan nan ba ya wuce 999, wannan kashi ɗaya cikin ukun shi ke raba wanda ya tsaya da wanda ya faɗi. Kuma bayan Lavos babu wani faɗan da kake yi wa ajiya. Yi amfani da su duka.

Duk ƙwayoyin ƙara ƙarfi da ka tsinta, Power Tab da Magic Tab da Speed Tab, ba wa mutum ukun da za su shiga. Speed Tab ya fi daraja. Magic Tab kuma ka fi ba mai magani, musamman idan Robo ne ko Frog, domin maganinsu na jama'a ba ya da kauri sai an ƙarfafa shi.

Layar Gold Stud na rage kuɗin tsafi da kashi uku cikin huɗu. Luminaire mai cin 20 sai ya koma 5. Akwai guda a bayan rufaffiyar ƙofar Trann Dome a 2300 AD, kuma Ayla na iya sato wasu daga Flyclops a cikin Black Omen da dabararta ta Charm.

Sai saiti. Shiga menu ka mayar da yanayin faɗa daga Active zuwa Wait. Da wannan, lokaci zai tsaya yayin da kake lalube a jerin dabaru ko jerin kaya, maimakon Lavos ya ci gaba da dukanka kana neman Revive a ƙasan jaka. Ka kuma jera kayan ta yadda magungunan gaggawa za su zauna a sama. Wannan ba ragwanci ba ne, masu wasan ne suka saka zaɓin don a yi amfani da shi.

Mataki na uku: su wa za su shiga

Mutum uku kawai ake shiga da su. Ƙa'idar da ba na saɓawa ita ce: dole a samu mai iya ba kowa magani a tashi ɗaya, dole kuma a samu mai ƙarfin dukan hannu. Tawagar matsafa zalla, kamar Lucca da Marle da Magus, za ta sha wahala a zagayen ƙarshe, za ka ga dalili in mun kai can.

Tawagar da na fi amincewa da ita ita ce Crono da Ayla da Frog. Crono da Ayla suna da Falcon Hit, haɗakar da ke share duk abin da ke kan layi ɗaya a kwance, ba ta cin ƙarfin tsafi sosai, kuma duka ce ba tsafi ba. Frog na da Heal na kowa da kowa, shi da Ayla kuma suna da Slurp Kiss mai cika jini ya kuma wanke larura. In ka fi son kwanciyar hankali, sa Marle a madadin Frog: tana da Haste mai sa layi ya riƙa zuwa kan mutum da sauri, tana da Life 2 mai tayar da wanda ya faɗi da cikakken jini. Illarta ɗaya, ba ta da maganin jama'a ita kaɗai, sai ta haɗu da Crono sun yi Aura Whirl, wanda ke nufin ka cire babban mai saranka daga aiki na wannan zagayen. Robo ma zaɓi ne mai kyau saboda Heal Beam da taurin jikinsa. Crono da Marle da Robo suna da Lifeline, haɗakar mutum uku da ke sa kowa ya tashi da kansa sau ɗaya in ya faɗi. Magus na da ƙarfin tsafi sosai, amma ba ya haɗakar mutum biyu da kowa, don haka sai ka san abin da kake yi kafin ka ba shi gurbi.

Mataki na huɗu: ta wace ƙofa

Hanya uku ce. Bokitin End of Time zai ajiye ka a gaban ƙwanson Lavos, ka yi faɗan tun daga farko. Jirgin Epoch, in ka saita shi zuwa 1999 AD, zai fasa ƙwanson ya shige ciki, ka tsallake faɗan farko gaba ɗaya, amma jirgin ya tafi ke nan, babu hanyar komawa, kuma hoton ƙarshen labarin zai ɗan canja. In wannan za ka bi, yi sabin a wani gurbi dabam tukuna.

Ta uku ita ce Black Omen, fadar baƙa da ke shawagi a sama. Ita ce mafi tsawo, ita kuma nake ba da shawara, saboda lebul da kayan da za ka fito da su. A ƙarshenta akwai Sarauniya Zeal, sai Mammon Machine, sai Zeal kuma a siffar fuska da hannuwa biyu. A wannan siffar kada ka doki hannuwan: ɗaya na ramawa da mayar da jininka 1, ɗayan na kwashe ƙarfin tsafinka. Fuska kaɗai ake duka. In Ayla na nan, Charm zai fito maka da Prism Dress daga hannu ɗaya, Prism Helm daga ɗayan, MegaElixir daga fuskar, sai dai ka shirya karɓar ramuwa. Mai son ya kwashi kayan fiye da sau ɗaya ya fara shiga fadar a 1000 AD, sannan 600 AD, sannan 12,000 BC. In ka fara rushe ta a zamanin da ya fi tsufa, ta ɓace a duk na bayansa.

Mataki na biyar: ƙwanso da kwaikwayo tara

Lavos zai fara ne da kwaikwayon manyan abokan gaba tara da ka riga ka kayar, ɗaya bayan ɗaya, da jininsu da halayensu na asali. A ƙarfin da kake da shi yanzu, na farko-farkon ba za su ɗauki sara biyu ba. Tsakanin kowane biyu wasan na sake maka hannu, kana iya buɗe menu ka sha magani. Yi amfani da wannan damar, kada ka ƙona tsafi mai tsada a kan ƙananan.

Dragon Tank, fara da kai, shi ke gyara sauran. Guardian, kashe ƙananan biyu na gefe kafin ka taɓa babban. Heckran, tsafi yake ji, kuma in ya tsaya yana gayyatarka ka kawo hari, dakata. Zombor gida biyu ne, sama da ƙasa, dukan hannu ya ishe su. Masa da Mune, in ya fara tara iska, Slash na Crono zai watsa ta. Nizbel, buga masa tsawa kariyarsa ta sauka, sannan ka sara, ka kuma shirya wa lokacin da zai sako wutar da ya tara.

Uku na ƙarshe su ne masu ɗan nauyi. Magus na canja garkuwarsa, sai irin tsafin da ya nuna ne zai shige shi, saran Masamune kuma na rage masa kariyar tsafi. A kwaikwayon Tyrano, kashe ƙaramin da ke matsayin Azala tukuna, sannan ka zuba wa babban duk abin da kake da shi lokacin da ya fara ƙirge daga biyar, ka tabbatar jinin kowa ya cika kafin ƙirgen ya kai sifiri. Giga Gaia, karya hannuwa biyu da tsafin da ke cin kowa, sannan ka koma kan kai.

In ka lura, kusan dukkan taran tambaya ɗaya suke yi: wace gaɓa ce ta farko? Ni a ganina da gangan aka jera su a nan, bita ce kafin jarrabawa.

Daga nan Lavos zai daina kwaikwayo ya yi faɗa da siffarsa, da jini 10,000. Babban harinsa shi ne ruwan halaka da ke zubowa daga sama a kan kowa, duka ne ba tsafi ba, don haka Shield na taimakawa. Yana kuma jefa ruɗewa. A nan ba wata dabara, cika jini bayan kowane ruwan halaka, sauran biyun su yi ta sara. Ba ya daɗewa.

Mataki na shida: cikin ƙwanso

Da ka shiga ciki za ka ga wurin sabin. Yi amfani da Shelter, yi sabin, sake duba kayan kowa. In ta bokiti ko Black Omen ka zo, akwai ƙofar komawa End of Time, kuma in ka ga maganinka ya yi ƙasa, koma ka sayo. Daga wannan wurin zuwa ƙarshe faɗa biyu ne a jere babu hutu a tsakani.

Siffa ta biyu gangar jiki ce da hannuwa biyu. Jikin na da jini 20,000, hannu ɗaya 8,000, ɗayan 12,000. Yana buɗe faɗan da hasken leza a kan kowa, kuma yana da zafi, shi ya sa ba a shiga da rabin jini. Aikinka na farko magani ne, na biyu Barrier a kan kowa, ko Haste in Marle na nan.

Muddin hannuwan na raye, jikin ba ya jin duka yadda ya kamata. Don haka hannuwa ne farko. A nan tsafin da ke cin kowa yana da amfani ƙwarai: Luminaire, Flare na Lucca, Dark Matter na Magus, ko Antipode 3 na Marle da Lucca. Da hannuwan sun faɗi, koma kan jikin da manyan hare-haren mutum ɗaya, irin su Confuse na Crono da Triple Kick na Ayla. Zai riƙa jefo Obstacle mai ruɗa kowa, da Shadow Slay mai sa guba, da Shadow Doom Blaze mai cin jini da yawa. Yana kuma ƙara wa kansa ƙarfin hari yayin da faɗan ke tsawo, saboda haka jan lokaci a nan ba alheri ba ne. Ka sani kuma akwai harin da ke cire kariyar larura da kayanka ke ba ka, shi ya sa na ce ka riƙe Heal ko da kowa na sanye da Prism Helm.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa: riƙa lissafin ɓarnar da kake yi wa jikin a ranka. Idan ka ga ka doshi 17,000, tsaya da sara na zagaye ɗaya, sha MegaElixir, sannan ka ƙarasa shi. Yadda ka fita daga wannan faɗan haka za ka shiga na ƙarshe.

Mataki na bakwai: zuciyar Lavos

Abu uku za su bayyana a jere. Na tsakiya, mai siffar mutum, jininsa 10,000. Dunƙulen hagu, 2,000. Dunƙulen dama, 30,000. Ko lissafin nan kaɗai ya isa ya nuna maka inda gaskiya take.

Kowannensu da aikinsa. Na tsakiya shi ne mai kawo manyan hare-hare. Na hagu mai hidima ne: yana yi wa na tsakiya magani, kuma yana shanye kowane irin tsafi, wato duk Luminaire da ka buga yana raye ƙara masa jini kake yi. Na dama shi ne zuciyar, shi ke tayar da sauran biyun idan sun mutu. A farkon faɗa kariyarsa a rufe take, ko ka sare shi da Rainbow ɓarnar da za ka gani ba ta taka kara ta karya ba. Ba ya buɗewa sai ɗaya daga cikin abokansa ya faɗi, domin a lokacin ne yake sauke kariyarsa ya tara ƙarfin tayar da shi. Wannan ɗan tsakanin shi ne duk damarka.

Ga yadda za ka bi da shi.

Zagayen farko, kariya. Barrier da Shield a kan mai magani tukuna, sannan sauran. In akwai Haste, fara da mai magani, sai babban mai sara.

Sannan kashe na hagu da dukan hannu zalla. Jini 2,000 ne, Confuse ɗaya daga Crono mai riƙe da Rainbow, ko Falcon Hit ɗaya zuwa biyu, sun gama da shi. Wannan ne dalilin da ya sa na hana ka tawagar matsafa zalla.

Yanzu ɗaga ido ka karanta rubutun da ke fitowa a saman allo. Zai gaya maka cewa kariyar zuciyar ta sauka. Kada ka ƙona manyan dabarunka kafin ka ga wannan saƙon. Da ya fito, juya kowa kan na dama. Tun da na hagu ba ya nan, tsafin da ke cin kowa ya halatta, kuma ya fi riba, domin yana cin na dama da na tsakiya a lokaci guda. In na tsakiya ya faɗi a cikin haka, ka samu sararin numfashi daga manyan hare-harensa. Amma kada ka bi shi da gangan da hare-haren mutum ɗaya. Duk saran da ka kai masa shi kaɗai, sara ne da ka hana na dama.

Bayan ɗan lokaci zuciyar za ta tayar da waɗanda suka mutu, ta mayar da kariyarta. A nan ne gwiwar mutane ke sanyi, suna ganin aikin ya koma farko. Bai koma ba. Ɓarnar da ka yi wa na dama tana nan, ba ta gogewa. In ka ci 12,000 a buɗewar farko, saura 18,000. Dakatar da tsafin jama'a nan take, sabunta Barrier da Shield domin suna ƙarewa da kansu, sake kashe na hagu, jira saƙon, ka koma aiki. Tawaga mai kayan da na lissafa takan gama a buɗewa biyu zuwa uku.

Abin da ke kashe mutane a tsakanin nan shi ne hare-haren na tsakiya. Za ka ga hoton bayan fage na canjawa daga wani zamani zuwa wani, kuma kowane zamani da harin da ke biyo shi. Canjin hoton gargaɗi ne. Akwai Evil Star mai raba jinin kowa biyu, akwai mai jefa larurori barkatai, akwai mai sa jinkiri. Biyu mafi muni su ne Grand Stone, babban harin duka, da Dreamless, babban harin tsafi. Kowannensu na iya share mutum mai rabin jini, musamman Marle da Lucca a wajen duka, Robo da Ayla a wajen tsafi. Mafi haɗari shi ne Evil Star ya raba jininku, ka ce bari in ƙara sara ɗaya, sai ɗaya daga cikin manyan biyun ya biyo baya.

Maganin wannan shi ne riƙe layin mai magani. Idan ma'auninsa ya cika kuma kowa na da lafiya, kada ka sa shi ya kai ɗan saran da ba zai canja komai ba. Bar shi a tsaye, ka ci gaba da ba sauran biyun umarni. Da babban hari ya sauka, maganinsa na fita nan take ba tare da jira ba. Ni ƙa'idata a wannan faɗan ita ce kada jinin kowa ya kwana ƙasa da 600 har zagaye ya wuce.

In mutum ɗaya ya faɗi, tayar da shi da wuri, amma ka tuna Revive ɗan jini kaɗan yake bayarwa, sai ka biyo shi da Full Tonic ko Lapis kafin hari na gaba. In biyu suka faɗi, wanda ya rage ya tayar da mai magani tukuna, sannan a sha MegaElixir. Kada ka ji ƙyashin buɗewar da za ta wuce ka kana wannan gyaran, wata za ta zo da zarar ka sake kashe na hagu. In kuwa Frog ko Ayla ne suka tashi da ɗan jini kuma zuciyar na buɗe, Frog Squash da Dino Tail suna ƙara ƙarfi ne gwargwadon ƙarancin jinin mai su, kuma a irin wannan lokacin suna iya ƙarasa faɗan.

Da jinin na dama ya ƙare, sauran biyun za su tafi tare da shi ko da jininsu a cike yake.

Bayan an gama nuna ƙarshen labari, zaɓin New Game+ zai bayyana a allon farko. Da shi za ka sake fara wasan da lebul ɗinka da yawancin kayanka, kuma a wurin baje kolin Lucca a filin biki, na'urar hannun dama za ta nuna ɗan haske da ke kai ka wurin Lavos tun daga farkon labari. Wasan na da ƙarshe fiye da goma, kuma wanda za ka gani ya dogara ne da lokacin da ka zaɓi shiga wannan faɗan. In za ka gwada shi da Crono shi kaɗai ko shi da Marle, sa masa Prism Helm, ka zaɓi tsakanin Gold Stud da Green Dream, ka kuma shigo da MegaElixir fiye da na karon farko, domin babu mai riƙe maka layin magani.